Ba a Sanin Maci Tuwo Sai Miya Ta Ƙare

'Ya'yana da jikokina na Jalingo, na Sintali da Turaki, na Magami da Mayo Gwoi, na Sabon Gari da Nukkai, da duk inda wannan takarda ta riske ku. Yau zancen fim zan yi muku. Na san wani zai yi murmushi ya ce me ya haɗa kifi da kaska, tsoho da furfurarsa yana maganar fim. To ku sani mun riga ku kallo. Mun ga majigi ana haska shi a jikin farin ƙyalle a fili, mun ga zamanin kaset ɗin bidiyo da ake karɓowa haya, muka ga faifan sidi, ga shi Allah ya nuna mana lokacin da yaro zai je shagon masu tura fina-finai a bakin kasuwa, ya miƙa wayarsa, ya koma gida da kallon mako guda a aljihu. Na'ura ta yi ta canjawa, mai kallo kuwa sai ƙara gajen haƙuri yake yi.

Wata ɗabi'a ce ta yi yawa a tsakaninmu, manya da yara. Mutum zai kunna fim, sai ya ga an buɗe da abin da ransa bai so ba: 'yar mai kuɗi tana zagin direban gidansu, ko saurayi ya sha ƙwaya yana ɗaga wa mahaifiyarsa murya, ko ɗan siyasa a ɗaki yana raba wa 'yan daba kuɗi. Kafin minti goma ya kashe. Har nan ba ni da ta cewa. Amma sai ya fito majalisa, ko ya hau Facebook, ya ce fim ɗin banza ne, ɓata tarbiyya ne zalla, wanda ya shirya shi ba ya tsoron Allah. A nan ne nake so mu zauna mu yi magana.

Barin kallo haƙƙinka ne. Idonka ne, lokacinka ne, kuɗin datarka ne, ba wanda zai tilasta maka ka ƙarasa abin da zuciyarka ta ƙi. Yanke hukunci kuwa shaida ce, shaida kuma ta wanda ya gani ce. Wanda ya taso daga Jalingo zai hau Mambila, ya bi ta Bali, ya isa Serti cikin zafin rana, ya tsaya a Mayo Selbe a gindin dutse, ya dubi hawan da ke gabansa ya ce ya fasa, ba mai zarginsa. Amma idan ya dawo yana ba da labari cewa ya je Mambila, ba komai a can sai zafi da ƙura, to ya yi wa Nguroje da Gembu ƙarya, domin bai ji sanyinsu ba, bai kuma ga gonakin shayi na Kakara ba.

Wani zai ce ai Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Gaskiya ne. Su ne kuma suka ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Magabata ba su yi tufka da warwara ba, kowace magana da muhallinta. Ta farko ta shafi iya aiki. Idan ka kunna fim ka ji sauti yana shiga yana fita, hoto yana rawa, 'yan wasa suna zuba magana ba rai a cikinta, an shafe minti ashirin ana gaisuwa da shiga mota da fita mota ba a faɗi komai ba, da wuya abin ya gyaru a gaba, don hannun da ya ɗauki farkon shi ne ya ɗauki ƙarshen. Ta biyun kuwa ta shafi manufa, wato inda labarin ya dosa da abin da yake so ya bari a zuciyarka. Wannan ba a gane shi a minti goma, saboda mai labari da gangan yake ɓoye shi. Inda ake tuntuɓe shi ne a ɗauki mudun farko a auna abu na biyu, a ga mugun hali a farkon fim, a ce fim ɗin ne mugu.

Ku tuna tatsuniyoyin da kakanninku suka yi muku da dare. Da zarar an ce ga ta nan ga ta nanku, me ke biyo baya? Marainiya ce kishiyar uwa ta hana ta abinci, ta aike ta wani rafi mai nisa don ta halaka. Gizo ne ya yaudari Ƙoƙi ya cinye abincin gida shi kaɗai. Ba a taɓa jin yaro ya tashi daga tabarma ya ce kaka tana koyar da mugunta ba. Kowa zama yake yi ya ji yadda za ta kaya, don ya san ba a kawo zaluncin ba sai don a nuna makomarsa. Labarin da kowa ke zaune lafiya tun daga farko har ƙarshe ba labari ba ne, ba kuma wanda zai koyi komai a cikinsa. Haƙuri ba ya bayyana sai an cuci mai shi. Tuba ba ta da ma'ana sai an ga laifin da aka tuba daga gare shi.

Littattafanmu na farko ma a kan wannan turba suka taso. A gasar rubutu da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda aka buga littattafanta a 1934, an sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda yawancinsa yaudara ce da ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe. An sami Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, mai ɗauke da farautar bayi da hassadar fadawa da satar yaro da wahalar uwa a kan hanyar hamada. Wanda ya tsaya a shafukan harin bayi zai iya cewa littafin yabon bauta ne, alhali wanda ya kai ƙarshe ya san ba abin da ya bar masa a rai sai ƙin ta da tausayin waɗanda ta raba da iyayensu. An karantar da waɗannan littattafai a makarantu shekara da shekaru, har Adamu Halilu ya mai da Shaihu Umar fim a 1976.

Ba ina haɗa Littafin Allah da wasan kwaikwayo ba, Allah ya kiyashe ni. Amma tunda daga can muke koyon yadda ake sauraron labari, ku dubi ƙissar Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wadda Alƙur'ani da kansa ya siffanta da mafi kyawun labari. Bayan mafarkin da ya ba mahaifinsa, abin da ya biyo baya hassadar 'yan'uwa ce, da shawarar kisa, da jefawa a rijiya, da riga mai jinin ƙarya, da sayarwa a kan kuɗi ƙalilan, sannan makircin matar gida da zaman kurkuku. Ba don an bi ta waɗannan ba, da yafiyar da ya yi wa 'yan'uwansa a ƙarshe ba ta yi nauyin da ta yi ba. Ku dubi kuma Suratul Kahfi, inda Annabi Musa ya bi bawan Allah da muke kira Halliru. Ya ga an huda jirgin talakawa, ya ga an kashe yaro, ya ga an gyara bango kyauta a garin da aka hana su abinci. Kowane ɗaya a ido abin ƙi ne ko abin mamaki. Sai a ƙarshe aka bayyana masa sarkin da ke ƙwace duk jirgi mai lafiya, da iyayen da aka tsare wa imaninsu, da marayu biyu da dukiyarsu ke binne a ƙarƙashin bangon. Duk ranar Juma'a muna karanta wannan sura. Ya kamata a ce mun fi kowa sanin cewa abin da ido ya fara gani ba shi ne dukkan magana ba.

Mu dawo kan fina-finan da kuka sani. Izzar So, wanda Lawan Ahmad ya fara saki a YouTube a 2020, tun a farkonsa ya kawo Hajiya Nafisa, wadda Aisha Najamu ta fito a matsayinta, 'yar mai kuɗi mai ji da kanta, tana wulaƙanta na ƙasa da ita. Ba mai kallon wannan ya ji daɗi. Amma ba don wannan izzar ba, da haƙurin jarumin labarin, Umar Hashim, da riƙon gaskiyarsa ba su sami wurin fitowa ba. A Labarina na Aminu Saira, wanda tashar Arewa24 ta fara nunawa a shekarar ta 2020, Rabi'u Rikadawa ya fito a Baba Ɗan Audu, uban da ya yi wasa da haƙƙin iyalinsa, ga son abin duniya ga kaifin baki. Mutane da yawa sun ga wani nasu a jikinsa, kuma ganin nan shi ne faɗakarwar. Kwana Casa'in, da aka fara a 2019, ya ƙirƙiri jihar Alfawa ya ɗora mata Gwamna Bawa Maikaɗa, wanda Sani Mu'azu ya kwaikwaya, don a nuna yadda ake cinikin ƙuri'a da amanar talaka. Ban ce waɗannan ba su da abin gyara ba, suna da shi. Abin da nake cewa, wanda ya kashe a fitowar farko ya ga cutar ne kawai, bai jira ya ga ko an zo da magani ba.

Ko ƙwararru ma sukan yi gaggawa su sha kunya. Masu shekaruna sun san Sholay, fim ɗin Indiya na Ramesh Sippy da ya fito ranar 15 ga Agusta 1975, wanda Amitabh Bachchan da Dharmendra, da muke kira Sarkin Ƙarfi, suka fito a matsayin ɓarayi biyu. A makonnin farko masu sharhi a jaridu sun kushe shi, kasuwarsa ta yi sanyi, har masu shi suka yi tunanin sake ɗaukar ƙarshensa. Daga baya waɗanda suka zauna suka kalle shi duka suka riƙa ba wa juna labari, sai ga shi ya haura shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva da ke Bombay ba yankewa. Fim ɗin Umar Mukhtar kuma, wanda kusan kowane gida a Arewa ya san shi, da fankamar Musolini aka buɗe shi, yana tura Janar Giraziyani ya murƙushe mutanen Libiya, aka kuma rufe shi da rataye dattijon, kamar yadda ya faru a 1931. Farkonsa ɗaci, ƙarshensa ɗaci, amma ba wanda ya kalle shi ya tashi yana son mulkin mallaka. Hukumomin Italiya sun gane inda ya dosa, shi ya sa suka hana nuna shi a ƙasarsu a 1982.

Wanda ya shirya wancan fim, Mustafa Akkad mutumin Halab ta Siriya, shi ne ya yi Arrisala a 1976, tarihin farkon Musulunci, wanda aka ɗauka a Maroko da Libiya. A cikinsa ba a nuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba, ba a kuma ji muryarsa ba. Anthony Quinn a matsayin Sayyidina Hamza ya fito. Amma jita-jita ta bazu cewa an sa wani ya kwaikwayi Annabi. A watan Maris na 1977, lokacin da aka fara nuna shi a Amurka, wasu 'yan bindiga 12 suka mamaye gine-gine uku a birnin Washinton, suka yi garkuwa da mutum 149 kusan kwana biyu, kuma cikin buƙatunsu akwai a dakatar da fim ɗin. An kashe wani matashin ɗan jarida a wannan rikici, sai da jakadun Masar da Pakistan da Iran suka shiga tsakani aka saki mutanen. Har yau akwai malaman da ba su yarda a kwaikwayi sahabbai a fim ba, suna kuma da hujjojinsu, wannan saɓani ne na ilimi da muke girmamawa. Amma zancen da aka yaɗa ƙarya ne. Wanda kuma ya kalli ɓangaren farko kawai, ya ga gumaka kewaye da Ka'aba, ya ga an ɗora wa Bilal dutse a ƙirji, ya kashe, ya rasa ganin ranar da Bilal ɗin ya yi kiran salla.

Yanzu kada wani ya ɗauki maganata ya ce Baba ya ce a kalli komai har ƙarshe. Ban faɗa ba. Akwai fim mai nuna ɓarna don a guje ta, akwai mai nuna ta don ya sayar da ita. Na farko ya cancanci haƙurinka, na biyu bai cancanci ko minti ɗaya ba. Kuma akwai alamomin da ake bambance su da su tun tafiya ba ta yi nisa ba.

Ka lura da inda kyamara take daɗewa. Idan an nuna ɗan ƙwaya, a kan hawayen uwarsa aka tsaya, ko a kan shewar abokansa? Idan an nuna mace, halinta ake so ka gani ko jikinta? Ka lura da wanda fim ɗin ya sa ka tausaya wa, wanda aka mara ko wanda ya yi marin. Ka saurari kiɗan da ake sa wa bos idan ya shigo: na tsoro ne da ƙyama, ko na kirari ne, ana rage gudun hoto yana fitowa daga babbar mota har yaro ya ji yana so ya zama shi? Ka tambayi kanka, da an cire wannan fitowa, labarin zai gurgunce? In ba abin da zai ragu, to ba don labari aka sa ta ba, tarko ne aka ɗana wa idonka. Sannan ka duba ko ɓarnar tana cin mai yin ta tun a hanya, yana rasa mutunci, yana rasa barci, yana rasa masoya, ko kuwa daɗi yake sha har ƙarshe.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin akwai wata dabara da ta tsufa. Sai a yi awa biyu ana sheƙe aya, ana rawa ana juyi, in ya rage minti biyar a kawo malami da carbi ya yi wa'azi, ko a nuna yarinyar a gadon asibiti tana kuka tana neman gafara. Wannan wanke kai ne kawai, don in an yi magana a ce ai an faɗakar. Kamar yadda mummunan farko ba ya kashe fim, haka kyakkyawan ƙarshe na minti biyar ba ya wanke shi. Abin dubawa shi ne inda nauyin labarin ya karkata daga farko zuwa ƙarshe.

Yana da kyau kuma ku san dalilin da ya sa buɗe fim da tashin hankali ya ƙaru a yanzu. Tun daga Turmin Danya, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, har zamanin da kasuwar Ƙofar Wambai take cika da dillalan kaset da sidi, mai kallo sayen fim yake yi gaba ɗaya. Tunda ya biya, zai zauna ya ci kuɗinsa. Da satar fasaha da tura fim a waya suka karya wannan kasuwa, masu shiryawa suka koma fim mai dogon zango a talabijin da YouTube, inda kuɗin shiga ya danganta da yawan masu kallo da tsawon lokacin da suka tsaya. Furodusa ya san in bai kama ka a mintunan farko ba, yatsanka zai zame zuwa wani abu. Shi ya sa ake buɗewa da mari, da saki uku, da ihu a tsakar gida, shi ya sa kuma tallar fim take tattara duk wurare masu zafi a jere su a minti biyu. Wani lokaci labarin da ke bayan wannan hayaniya mai hankali ne, wani lokaci hayaniyar ce kawai jarinsa. Ba ka sanin wanne ne sai ka ba shi ɗan lokaci. Fim mai dogon zango a ba shi kashi uku ko huɗu. In an yi zango guda ana abu ɗaya, mugu yana ta cin karensa ba babbaka, labari bai motsa ba, to ka ga abin da ya ishe ka magana a kan wannan zangon.

Ko hukumomin da doka ta ba ikon hana fim, wato Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa da aka kafa a 1993 da ta Jihar Kano da aka kafa a 2001, ƙa'idarsu ita ce a kawo musu aikin su kalla kafin su ba shi takarda ko su hana. To ina ga ni da kai da ba mu da kujera ba mu da hatimi?

Abin da ya fi damuna bai ma kai minti goma ba. Guntun daƙiƙa talatin ne da ake yankowa daga tsakiyar fim a watsa a TikTok da WhatsApp, a rubuta a kansa: ku ga abin da ake yi mana. Ku 'yan Jalingo ne, kun san garinku. Fulani da Mumuye da Kona, Jenjo da Wurkun, Jukun da Kuteb da Chamba da Tibi da Hausawa, kasuwa ɗaya muke ci, Hausa muke yi wa juna, masallaci da coci suna jin muryar juna. Jihar da ta ɗanɗani rikicin Wukari a 2013 da na tsaunin Mambila a 2017 ba ta buƙatar a koya mata tsadar zaman lafiya. A irin wannan wuri, guntun hoto da ya nuna ɗan wata ƙabila a matsayin ɓarawo, ko malami ko fasto a matsayin mayaudari, ba abin wasa ba ne. Ku ɗauki shirin Daɗin Kowa, wanda aka gina shi a kan gari ɗaya mai Musulmi da Kirista suna maƙwabtaka. Da wani zai yanko wurin da maƙwabta biyu suke sa-in-sa ya watsa shi kaɗai, da ya juya saƙon shirin gaba ɗaya ya koma kishiyarsa. Suratul Hujurati ta umarce mu da bincike idan labari ya zo mana, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Wannan umarni bai tsaya a kan maganar baki ba, ya haɗa da abin da ke shigowa wayarka. Kafin ka tura, ka nemi cikakkensa. In ba ka da lokacin nema, ba ka da hurumin turawa.

Haka nan ku daina haɗa ɗan wasa da rigar da aka sa masa. Mutum ya fito a bos, ya yi aikinsa da kyau har ka ji haushinsa, sai ka bi shi shafinsa kana tsine masa, kana zagin iyayensa. Haushin da ka ji shaida ce ta ƙwarewarsa. Mutuncinsa kuwa haramun ne a gare ka kamar na kowa, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.

'Yan'uwana iyaye, ku kuma ga taku. Duk wannan haƙuri da nake kira a yi, na manya ne. Ƙaramin yaro ba ya jiran ƙarshen labari. Abin da ya gani a farko shi yake kwaikwaya da safe, sau da yawa ma barci ya ɗauke shi kafin a kai inda mugu ya girbi abin da ya shuka. Don haka a wurin yaro farkon fim shi ne fim. Ku fara kalla kafin ku ba su. Waɗanda suka tasa kuwa, ku zauna tare da su, in an zo wurin da bai yi muku ba ku tsayar, ku tambayi yaro ko yarinya: me kike gani zai sami wannan? Wa aka zalunta a nan? Da kai ne me za ka yi? Wannan ya fi ƙwace waya a yi ta faɗa, don wanda aka ƙwace wa yau zai ƙarasa kallon gobe a gidan abokinsa, ba kuma mai yi masa bayani.

Ku kuma 'ya'yana masu shirya fim, har da matasan garin nan da ke ɗaukar barkwanci da gajerun labarai da waya, kada ku ci amanar haƙurin da muke roƙa muku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku koyi ladabin ba da labari daga ƙissar Annabi Yusuf, inda aka ambaci abin da ya faru a ɗakin da aka kulle ƙofofinsa, kowa ya fahimta, ba tare da kalma ɗaya da uba zai ji kunyar karantawa a gaban 'yarsa ba. Ana iya nuna ɓarna ba a tuɓe ta ba. In za ku buɗe da duhu, ku bar wa mai kallo alamar da zai riƙe, ko da mutum ɗaya ne a cikin labarin da zuciyarsa ba ta yarda da abin da ake yi ba. Da wannan ne zai san kuna tare da shi.

Dalilin da ya sa na tsawaita a kan abin da wasu za su ɗauka wasa ne, hali ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya saba yanke wa fim hukunci a minti goma, haka zai yi wa amaryar ƙaninsa a makon farko, da sabon maƙwabci, da sabon malamin makaranta, da yaron unguwa da ya taɓa yin kuskure. Da an rufe littafin Sayyidina Umar ranar da ya fito da takobi yana neman Annabi, ko na Khalid ɗan Walid ranar Uhudu, da ba mu san su da abin da muka san su da shi ba. An karantar da mu cewa ayyuka da ƙarshensu ake duba su.

Saboda haka, idan aka tambaye ka game da fim, ka faɗi iyakar abin da ka gani. In farkonsa ka kalla ka bari, ka ce na ga farkonsa, bai yi mini ba, na bari, ban san yadda ya ƙare ba. In ka ƙarasa, ka faɗi kyansa da muninsa, ka kawo hujja. In guntu aka turo maka, ka ce guntu na gani, ka kuma bar shi ya mutu a wayarka. Wannan ba zai rage ka da komai ba, zai ma sa a riƙa yarda da maganarka ranar da ka ce wani abu ba shi da kyau.

Allah ya ba mu haƙurin saurare da adalcin magana, ya shirya mana zuriya, ya zaunar da Taraba da ƙasarmu lafiya.